Kafin ka wanke waɗannan tsofaffin faya-fayan

Tambayarka ta iso ni, ƙanena. Ka ce wani abokin aikinka a situdiyo ya zuba maka tarin tsofaffin waƙoƙin Amurka a filashi, an kasa su gida uku: rhythm and blues, swamp blues da doo wop. Ka saurara, duk sun yi maka kama da juna, babu wadda ta yi kama da R&B ɗin da ka sani, kuma sautin ya dame ka: ga shuuu a ƙarƙashi, ga murya tana fashewa, ga ganga kamar ana dukan kwali. Kana son sanin bambancinsu, kana kuma shawarar ka ɗora su a kwamfuta ka wanke su tas.

Bari in fara da ta biyun, don ita ce mai haɗari. Kada ka wanke. Ni na taɓa yi, lokacin da manhajar cire hayaniya ta fara zuwa hannunmu ina aikin shirin tsofaffin waƙoƙi a rediyo. Na ɗauki wata waƙar samari huɗu, na murɗa abin har ƙarshe, shuuu ɗin ya ɓace, ina ta murna. Da na sake saurare da safe sai na ji kamar an tsoma su cikin randa suna waƙa daga ƙarƙashin ruwa. Numfashin da mai babbar murya yake ja kafin ya shigo ya tafi, ƙarar ɗakin ta tafi. Garin neman gira na rasa ido. Batun gangar da ka ce kamar kwali kuwa, kunnenka bai yi maka ƙarya ba, a wasu daga cikinsu kwalin ne da gaske. Za mu zo wurin.

Sunayen ukun da ka gani ba mawaƙan ne suka raɗa wa kansu ba. Har zuwa 1949, mujallar Billboard tana jera duk faifan da aka yi don baƙaƙen fatar Amurka a ƙarƙashin wani suna mai nufin faya-fayan launin fata. A shekarar ne aka sauya shi zuwa rhythm and blues, kuma wani ma'aikacin mujallar, Jerry Wexler, shi ake danganta wa sunan. Ka ga ke nan tun asali sunan rumfar kasuwa ne, duk abin da baƙar fata ya rera kuma baƙar fata ya saya, in dai ba waƙar coci ba ce ko jazz, nan ake jibge shi. Saboda haka swamp blues da doo wop duka 'ya'yan gidan ne. Sunayensu biyun daga baya suka kama, bayan zamanin ya wuce, a bakin masu tara faifai da masu gabatar da shirye-shiryen tuna baya. Yaron da yake waƙa a bakin titin unguwar Harlem ta New York a 1954 bai san yana yin wani abu wai shi doo wop ba.

Hanya mafi sauƙi da za ka raba su ita ce ka tambayi kunnenka wa yake ɗauke da nauyin waƙar. A abin da aka sa maka cikin jakar rhythm and blues, nauyin yana kan ganga da fiyano da saksofon. Kiɗan rawa ne. Lokacin yaƙin duniya na biyu da bayansa manyan ƙungiyoyin kiɗa masu mutum goma sha biyar suka yi tsada, sai irin su Louis Jordan suka rage su zuwa mutum biyar ko shida, suka ƙara wa bugun ƙarfi, suka cusa barkwanci. Dubban baƙaƙen fata sun baro gonakin kudu zuwa Chicago da Detroit da Los Angeles, suna da albashi a aljihu, suna jefa sulalla a akwatin kiɗa na gidajen shaƙatawa. Manyan kamfanonin faifai ba su damu da su ba, sai ƙanana suka cike gurbin: Atlantic a New York, wanda Ahmet Ertegun, ɗan jakadan Turkiyya, ya kafa da abokinsa a 1947; Chess a Chicago; King a Cincinnati; Specialty da Imperial a Los Angeles.

Kai da kake mai haɗa sauti, abin da ya kamata ka riƙe shi ne yadda ake ɗaukar. Babu layi-layi. Kowa yana ɗaki ɗaya, makirufo uku ko huɗu, komai yana zuba cikin layi guda, a farkon lamarin ma kai tsaye ake yanka shi a kan faifai kafin tef ya yaɗu. In mai saksofon ya yi ƙara da yawa, ce masa ake ya ja baya taku biyu. Haɗa sautin ke nan. Faifai mai juyi 78 a minti kuma kusan minti uku kawai yake ɗauka a kowace fuska, shi ya sa za ka ga duk waƙoƙin gajeru ne, ba a ɓata lokaci a gabatarwa. A irin wannan ɗan ɗaki, na Cosimo Matassa a New Orleans, aka ɗauki "The Fat Man" ta Fats Domino a Disambar 1949, aka kuma ɗauki "Tutti Frutti" ta Little Richard a 1955, mai ganga ɗaya ne a duka biyun, Earl Palmer. Saurari yadda yake sauke hannu a bugu na biyu da na huɗu. Fashewar muryar Little Richard da ka ji, makirufo ne ya kasa ɗaukar abin da ya fito daga ƙirjin mutumin, kuma babu manhajar da za ta dawo maka da abin da ba a ɗauka ba. Haka jitar "Rocket 88" ta 1951, wadda Sam Phillips ya ɗauka a Memphis: lasifikar ta lalace a hanya, aka cusa mata takarda, ta fito tana gurnani, Phillips ya ce a bar ta haka.

Yanzu mu je inda zuciyata take. Kalmar swamp fadama take nufi, irin ta kudancin jihar Louisiana, ƙasar ruwa da sauro da kada da zafi mai danshi. Abin mamakin shi ne kusan duk abin da ake kira swamp blues daga ɗaki ɗaya ya fito, a wani ƙaramin garin noman shinkafa mai suna Crowley. Mai ɗakin wani Bature ne, J. D. Miller, wanda tun farko harkar waƙoƙin ƙauyen Turawa yake yi. Mawaƙan kuwa yawancinsu daga Baton Rouge da kewaye suke zuwa, tafiyar fiye da kilomita 100, leburori ne da direbobi, kiɗa aikin dare ne da ƙarshen mako. Miller ya fara ɗaukar wani mawaƙi mai jita, Lightnin' Slim, a 1954. Daga baya ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Excello na Ernie Young a Nashville: shi zai ɗauka a Crowley, ya aika tef, su buga su sayar.

Ga yadda za ka gane sautin. Tafiyarsa a hankali take, kamar mai tafiya cikin taɓo. Kayan kiɗan kaɗan ne: jita ɗaya ko biyu, hamonika (ƙaramin abin busa da baki), da wani abin bugawa. Akwai fili a tsakanin bugu da bugu, kuma Miller yana cika filin da amsa-kuwwa. A wancan zamanin hanya biyu ake samun ta. Ko dai a tura sautin ta lasifika cikin wani ɗaki fayau mai taurin bango a sake kamo shi da makirufo, ko a yi amfani da ɗan tazarar da ke tsakanin kan da yake rubutawa a tef da kan da yake karantawa, sautin ya dawo bayan ƙiftawar ido. Ka haɗa wannan da jita mai karkarwa da murya mai kasala, shi ne kake jin kamar dare ne kuma ana shirin ruwa. Sun sha daga salon Jimmy Reed na Chicago, wanda faya-fayansa suka cika kudu a lokacin, amma nasu ya fi duhu.

Batun kwalin. Akwai wani mai busa hamonika, Leslie Johnson, wanda ya haɗu da Lightnin' Slim a motar haya, ya bi shi zuwa Crowley. Mai busar da aka shirya da shi bai zo ba, sai ya ce shi ma yana iyawa. Miller ya laƙaba masa Lazy Lester saboda sanyin jikinsa, kuma ya zama ɗan gida a situdiyon. In ba busa yake ba, to shi ne mai bugu, da duk abin da hannunsa ya kai: kwali, naɗaɗɗiyar jarida, katako, gwiwarsa. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa sa cikakkiyar ganga a ƙaramin ɗaki, tana shiga kowane makirufo ta danne kowa. Kwali kuwa yana ba da bugu busasshe, ka kusanto masa da makirufo, ka zuba masa amsa-kuwwa, ya fito da girman da ba shi da shi. Dabarar talaka ce, irin ta mai kiɗan ƙwarya, kuma ita ce ta zama tambarin gidan.

Babban tauraronsu shi ne James Moore, wato Slim Harpo. Sa "I'm a King Bee" ta 1957 ka rufe ido. Muryar ta hanci take fita, ba ya ɗaga ta ko sau ɗaya, bes yana zamewa sama yana dawowa kamar ƙudan zuma, kuma in jita ta shigo 'yan ƙwayoyin sauti kawai take harbawa ta yi shiru. Ni a wurina babu darasin haɗa sauti da ya wuce wannan minti ukun, don duk abin da za a iya cirewa an cire. "Rainin' in My Heart" ta 1961 ta tsallaka har jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a wurin Turawa, "Baby Scratch My Back" kuma ta hau lamba ɗaya a jadawalin rhythm and blues a 1966. Bayansa ka nemi "Rooster Blues" ta Lightnin' Slim, da Lonesome Sundown, da Silas Hogan, ka kuma kasa kunne ga fiyanon Katie Webster a bayan da yawa daga cikinsu.

Yadda waƙar ƙauyen shinkafa ta zaga duniya ma abin sani ne. Ernie Young yana da kantin sayar da faifai ta gidan waya, yana kuma ɗaukar nauyin shirin dare a tashar WLAC ta Nashville, mai ƙarfin wat 50,000. Kai ma ka san yadda tashar matsakaicin zango take nisa da dare, irin yadda muke kamo tashoshin nesa bayan isha. Mai gabatarwa John R., wanda masu sauraro da yawa suka ɗauka baƙar fata ne alhali Bature ne, zai sa faifan Excello ya ce a aiko da kuɗi a tura maka. Daga nan wasu suka faɗa hannun samarin Ingila. Rolling Stones sun sa "I'm a King Bee" a kundinsu na farko a 1964, Kinks ma sun ɗauki waƙar Slim Harpo da ta Lazy Lester a shekarar. Shi kuwa Slim Harpo ciwon zuciya ya ɗauke shi a Janairun 1970, ana shirin tafiyarsa Turai ta farko. Lightnin' Slim ya koma Michigan yana aiki a masana'antar narka ƙarfe kafin Turawa su nemo shi.

Wani abu da ba na ɓoye wa duk wanda ya fara son wannan kiɗan: Miller ɗin nan da ya san darajar muryar waɗannan mutane fiye da kowa, shi ne kuma a shekarun 1960 ya fitar da faya-fayan cin mutuncin baƙar fata da goyon bayan wariya a wani kamfaninsa na daban. Na daɗe ina juya wannan a raina, ban sami inda zan ajiye shi ba. Kudancin Amurka na lokacin ke nan.

Za ka iya jin wani abu a muryar Lightnin' Slim da ya tuna maka da mai kukuma ko mai gurmi, mutum ɗaya da tsirkiya yana jan murya yana lanƙwasa ta. Ba kai kaɗai ba ne. Wani masanin kiɗa ɗan Ostiriya, Gerhard Kubik, ya yi hujja da cewa siffofin blues da yawa sun fi kama da kiɗan yankin sabana na Afirka ta Yamma, har da ƙasar Hausa, fiye da kiɗan ganguna na bakin teku. Hujja ce mai nauyi, amma kada ka ɗauke ta ka shiga gari kana cewa blues namu ne. Shekaru ɗaruruwa na bauta da coci da gonar auduga suna tsakani.

Doo wop kuma muryoyi ne suke ɗauke da komai. Samari huɗu ko biyar, yawanci 'yan makaranta a unguwannin talakawa na New York da Philadelphia da Baltimore da Chicago da Los Angeles, ba su da kuɗin sayen kayan kiɗa, sai suka mayar da bakinsu kayan kiɗan. Ɗaya yana jan waƙar, ɗaya mai babbar murya yana yin aikin bes, sauran suna amshi da gaɓoɓin da ba su da ma'ana, wanda daga cikinsu sunan ya fito, wani lokaci kuma ɗaya ya maƙe murya ya yi ta shawagi a sama. Tsarin jagora da 'yan amshi ba baƙo ba ne a kunnenka, bambancin kawai shi ne su 'yan amshinsu kowa da matakin muryarsa, suna haɗuwa su ba da kod, wato sautuka daban-daban da suka dace da juna a lokaci guda. In kana da fiyano kusa, danna C, Am, F, G ka yi ta maimaitawa, kana buga uku-uku a hankali. Ka riga ka buga rabin jakar. Sun gaji abin daga Ink Spots da Mills Brothers da mawaƙan coci, kuma faifan da ake yawan cewa shi ya buɗe ƙofa shi ne "It's Too Soon to Know" na Orioles a 1948. Daga nan sunayen tsuntsaye suka cika gari, Crows da Penguins da Flamingos, da tsuntsaye suka ƙare aka koma sunayen motoci.

Waɗannan yaran a matakalar bene da banɗakin makaranta da ƙarƙashin gada suke atisaye, don bango ya dawo musu da murya. Ɗaukar ma sau da yawa ba ta fi haka ba. "Earth Angel" ta Penguins a garejin wani gida a Los Angeles aka ɗauke ta a 1954, a matsayin gwaji, kuma a bayan faifan aka sa ta, masu rediyo ne suka juya shi. "In the Still of the Night" ta Five Satins a ginin ƙarƙashin wani cocin Katolika a New Haven aka ɗauke ta a 1956. Wanda ya rubuta ta, Fred Parris, soja ne, lokacin da ta yi tashe ma yana Japan. Saurare ta da kyau. Fiyanon yana can nesa, gangar a dushe take, muryoyin ba su daidaita cif ba. Duk wanda ya sake rera ta a tsaftataccen situdiyo bai kamo ƙafarta ba, don siminti da ƙarancin rufin wurin suna cikin waƙar. In kana son jin abin da ƙwararru suka yi da wannan salon da suka sami kayan aiki, sa "I Only Have Eyes for You" ta Flamingos ta 1959, inda amsa-kuwwar take da zurfin rijiya.

Maganar kuɗi ba ta da daɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da waƙar baƙar fata ta fara motsi, sai babban kamfani ya sa Bature ya sake rera ta a tausashe. Chords suka fitar da "Sh-Boom" a 1954, Crew-Cuts 'yan Kanada suka maimaita ta suka hau lamba ɗaya. Sannan a kan faifan za ka ga sunan mai kamfani ko mai rediyo a matsayin marubuci, don ya ci kason mawallafi; sunan Alan Freed yana kan "Sincerely" ta Moonglows. Frankie Lymon yana ɗan shekara 13 ya rera "Why Do Fools Fall in Love", ya mutu a 1968 yana da 25, ƙwaya ta kashe shi, kuma an shafe shekaru ana shari'a a kan wa ya rubuta waƙar. Ruth Brown, wadda cinikin faya-fayanta ya tsayar da Atlantic da ƙafafunsa, sai da ta yi aikatau da tuƙin motar makaranta kafin ta tashi neman haƙƙinta a shekarun 1980. Kai da kake cikin sana'ar, ka karanta takarda kafin ka sa hannu.

To, me za ka yi da filashin? Da farko ka tantance ko na asalin ne aka ba ka. Mawaƙan da yawa sun sake ɗaukar tsofaffin waƙoƙinsu bayan sun bar kamfanin farko, Little Richard ma ya yi haka a tsakiyar shekarun 1960, kuma irin waɗannan ne suka cika kundaye masu araha. Na taɓa sayen kaset a kasuwa mai hoton mawaƙin yana saurayi, da na sa sai ga muryar dattijo da jitar zamani. Alamar ita ce sitiriyo: in waƙar 1955 ce kuma ka ji ganga a kunnen hagu, fiyano a dama, to ba ita ba ce. Akwai kuma sitiriyon bogi da kamfanoni suka yi ta yi a shekarun 1960, su raba sautin guda gida biyu, kauri a gefe ɗaya, kaifi a ɗayan, su ƙara amsa-kuwwar da ba ta cikin asali. Irin wannan ka haɗe shi ya koma layi ɗaya, zai ɗan dawo hayyacinsa. In kana neman kwafi mai kyau, kamfanin Ace na Ingila ya sake fitar da kayan Excello, Rhino na Amurka kuma ya fitar da babban tarin faya-fayan doo wop.

Gyaran da na yarda da shi kaɗan ne. Ƙas-ƙas ɗin da tsagar faifai take yi, cire shi ɗaya bayan ɗaya da hannu. Gurnanin lantarki na can ƙasa, rage shi. In faifan ya yi gudu ko ya yi nawa, daidaita shi. Shuuu ɗin kuwa bar shi, bayan daƙiƙa goma kunne yake mantawa da shi. Kuma ka cire abin kunnen nan naka mai tsada, ka sa su a lasifika guda ɗaya, ƙarama, ka koma ƙarshen ɗaki. Don akwatin kiɗa da rediyon mota aka haɗa su.

In ka sami rana babu aiki a situdiyo, ka samo samari huɗu masu kunne, ka fita da su matakalar benen, makirufo ɗaya a tsakiya. Mai babbar murya ya matso, mai siririya ya ja baya, wani ya riƙe kwalin taliya da naɗaɗɗiyar jarida. Kada ka gyara wa kowa murya a kwamfuta. Ka ɗauka sau uku, ka turo mini ta biyun.